Amina Sarauniyar Zazzau Da Ganuwar Da Ake Jingina Mata

 Duk wadda ta taɓa bin hanyar da ta ratsa Bunkure ta shiga Rano, ko ta zarce zuwa Kibiya, ta san ƙasa ce ta gonaki da manyan duwatsu. In da rani ne, an kwashe amfanin gona an sare kara, ido yakan hango abin da damina ta ɓoye. A gefen tsofaffin garuruwa, wani lokaci ma a tsakiyar gona inda babu gida ko ɗaya, sai a ga wani dogon tudu ya miƙe, ya yi kwana, ya ɓace, can gaba kuma ya sake ɓullowa. Daga bayansa akwai kwari wanda ya kusa cikewa, daga cikinsa kuma ga kukoki sun tsufa. Wannan tudu ba halitta ba ce, hannun mutane ne ya tara shi. Ganuwa ce, ta wani gari da ya zama kufai.

To, a ƙasar Hausa, musamman daga Zazzau zuwa abin da ya yi kudu, an saba da wata al'ada. In aka ga tsohuwar ganuwa wadda ba a tuna wanda ya gina ta, sai a ce ganuwar Amina ce. Saboda haka yau za mu duba rayuwar wannan mace wadda sunanta ya manne wa ƙasa haka, mu ga ko wace ce ita, a wane zamani ta yi, sa'an nan mu dawo Rano mu auna maganar ganuwar da abin da tarihi ya nuna.

Labarin Amina ya iso mana ta ƙofa uku. Ta farko ita ce littafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Infakul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812 tun bai hau gadon sarauta ba. Ta biyu Tarihin Kano, wanda aka harhaɗa da Larabci a Kano wajen shekarun 1880, wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908. Ta uku kuwa ita ce labarun baka na Zagezagi, waɗanda aka riƙe a Zariya da kuma tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, inda sarakunan Haɓe na Zazzau suka koma bayan jihadi. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta na Abuja, aka buga fassararsu ta Turanci a 1952. Ku lura da abu guda: mafi tsufan waɗannan rubuce-rubuce an yi shi ne shekara 200 ko fiye bayan rasuwarta. Duk da haka, malamin Sakkwato da marubucin Kano da tsofaffin Zazzau ba su zauna wuri ɗaya suka shirya magana ba, amma bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa an yi wata mace a Zazzau mai suna Amina, ta ci ƙasashe da yaƙi. Wannan ya isa mu tabbata ba tatsuniya ba ce.

Bisa ga labarin Zagezagi, Amina 'yar Bakwa Turunku ce, mai sarauta na 22 a jerin sarakunan Zazzau, kuma jerin ya sa hawan Bakwa a 1536. Shi kansa Bakwa akwai saɓani a kansa, waɗansu sun ce namiji ne, waɗansu sun ce mace ce, uwa ce ga Amina ba uba ba. Turunku kuwa gari ne a gindin duwatsu kudu da Zariya, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, kuma har yanzu akwai sauran ganuwarsa. A can aka ce Amina ta tashi, tare da ƙanwarta Zariya, wadda birnin Zariya ya ci sunanta. An ce Turunku ya yi wa jama'a kaɗan, ruwa kuma ya kasa, shi ya sa aka tashi aka koma arewa wajen dutsen Kufena, inda daga baya birnin Zariya ya kafu.

Masu ba da labari sun ƙawata ƙuruciyarta ƙwarai. Sun ce tun tana rarrafe takan kutsa fada wurin kakanta, ya ɗauke ta ya ɗora a cinya ana shari'a ana shawarar yaƙi, har kunnenta ya saba da maganar mulki kafin ta san ta daka da niƙa. Sun ce tana da shekara 16 aka naɗa ta Magajiya, manema suka yi ta zuwa da bayi da tufafi tana korarsu. Irin wannan ado ba a rasa shi a labarin kowane gwarzo, namiji ko mace, sai mu karɓe shi a matsayinsa. Abin da yake da tushe shi ne, a sarautun Haɓe 'ya'yan sarki mata suna da muƙamai na gaske. Daura tana tuna jerin sarauniyoyinta har zuwa Daurama. A Zazzau ta Haɓe akwai sarautar Iya da ta Sarauniya, kuma an ci gaba da naɗa su a Abuja bayan ƙaura. Mace mai irin wannan muƙami tana da gidanta, da barorinta, da garuruwan da ke kawo mata gaisuwa. Saboda haka Amina ba daga sama ta faɗo ba, akwai matakalar da ta taka.

Bayan Bakwa, jerin sarakuna ya kawo Ibrahim daga 1539 zuwa 1566, sa'an nan Karama daga 1566 zuwa 1576. An ce Karama mutum ne mai son yaƙi, kuma a zamaninsa ne Amina ta fara fita fagen fama, ta yi suna a cikin mayaƙa, ta tara dukiya da bayi. Da ya rasu sai ragama ta dawo hannunta. Wannan shi ne lissafin da ya fi yaɗuwa a littattafan makaranta, watau ta yi mulki daga 1576 zuwa 1610.

Game da yaƙe-yaƙenta, Muhammadu Bello ya nuna cewa ita ce farkon wadda aka ba ƙarfin mulki a cikin ƙasashen Hausa, ta yaƙi Katsina da Kano har suka ba ta gandu, ta kuma ratsa ƙasashen kudu, waɗanda Hausawan da ke kira ƙasashen Bauchi, har ta kai bakin babban ruwa. Tarihin Kano ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kai mata haraji, kuma ta shekara 34 tana wannan aiki. Ya ƙara da cewa Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ita ce ta fara samun babanni da goro a ƙasar Hausa.

Bari mu ɗan tsaya a kan goron nan, don mu mata mun fi kowa sanin darajarsa. Goro 10,000 ƙwarya 100 ke nan. Yau wani attajiri zai iya raba fiye da haka a ɗaurin auren 'yarsa, amma a zamanin da goro bai zama ruwan dare ba, sai an ɗauko shi a ka ko a bayan jaki, an ratsa daji da koguna ana yayyafa masa ruwa ana sake masa ganye don kada ya bushe, wannan kyauta ce ta sarakuna. Ƙasar Nufe kuwa an san ta da goron Labuje, wanda manya ke so. Abin da labarin ke nunawa shi ne, yaƙin Amina ba na ɗaukar ganima a gudu kaɗai ba ne, na buɗe hanyar fatauci ne. Zazzau ita ce ƙofar ƙasar Hausa ta kudu. Duk mai riƙe da ita shi ke riƙe da hanyar da bayi da goro da tufafin Nufe ke bi su yi arewa, da hanyar da dawaki da gishiri da kanwa ke bi su yi kudu. Ba sai an ɓoye ba, babban abin da Zazzau ke fitarwa a lokacin bayi ne, har a labarin Hausa Bakwai ma da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Zazzau aka ba sarautar bayi. Garuruwan da Amina ta ci, matansu da 'ya'yansu da yawa a kasuwa suka ƙare. Wannan ma yana cikin tarihinta.

Akwai kuma labarin nan da ba a rasa ji, wai ba ta taɓa aure ba, sai dai duk garin da ta ci takan zaɓi namiji guda ta kwana da shi, gari na wayewa ta sa a kashe shi don kada ya ba da labari. Wannan yana cikin labarun baka, amma Muhammadu Bello bai kawo shi ba, Tarihin Kano ma bai kawo shi ba, alhali kuwa marubucin Kano ba ya jin nauyin faɗin aibin sarakuna, har na garinsu. A ganina irin maganar nan ce da ake laƙa wa duk macen da ta gagari maza.

Yanzu sai maganar ganuwa. An ce duk inda Amina ta ya da zango, ko na 'yan kwanaki ne, sai ta sa a kewaye sansaninta da ganuwa, in ta tashi mutane su zauna a ciki, wurin ya zama gari. Daga nan aka samo sunan ganuwar Amina, har waɗansu suka zarce suka ce ita ce ta fara kawo ginin ganuwa ƙasar Hausa. A nan ne ƙasar Rano za ta taimake mu.

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai. Labarin Daura ya ce Zamna Kogi ɗan Bawo ne ya kafa sarautarta, kuma ita da Kano aka ba sarautar baba, watau rini. Har yau ana yi wa Sarkin Rano laƙabi da Autan Bawo. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga mazauninsa, ya shiga ƙasar ya zauna shekara biyu a wani wuri mai suna Bunu. Watau Rano tana da sarki, tana da ƙarfin da sai da Kano ta ɗaura mata yaƙi, shekara 200 kafin hawan Karama. Shi dai Yaji shi ne ya ci Santolo, wani gari mai ƙarfi a kan duwatsu kudu da birnin Kano, wanda ya gagari sarakunan da suka gabace shi. Kano kanta, Tarihin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwarta, tsakanin 1095 da 1134, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta tsakanin 1463 da 1499, Muhammadu Nazaki ya sake ƙara ta wajen 1620. Ko da an rage wa waɗannan shekaru wani abu, tun da lissafin farkon Tarihin ba shi da ƙarfi kamar na ƙarshensa, a fili yake cewa mutanen Kano da Rano sun san tara ƙasa su kewaye gari tun ba a haifi kakannin Amina ba. Ba ita ta ƙago ganuwa ba.

Haka kuma akwai ganuwoyin da aka san masu su. Ta Surame a ƙasar Kabi, wadda aka gina da duwatsu, aikin Kanta ne a ƙarni na 16. A nan kudancin Kano kuma akwai waɗanda ba su kai ma shekara 200 ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau a 1855, da waɗanda suka biyo bayansa, Ningawa sun addabi kudu maso gabashin Kano da hari, suna ƙone ƙauyuka suna kwashe mutane. Ƙasar Rano da Kibiya da Tudun Wada tana bakin wannan wuta. Dole mutanen ƙauye suka tattaru a garuruwa masu ganuwa, aka gyara tsofaffi, aka gina sababbi, aka mai da waɗansu ribaɗi. Saboda haka tudun da ke cikin gonar wata a Kibiya yana iya zama na zamanin Yaji, yana kuma iya zama na zamanin Ningawa, tsakaninsu shekara 500, amma a ido duk kamarsu ɗaya, tun da ruwan sama ya zaizaye su ya mai da su tudu.

To, ko Amina ta taɓa taka ƙasar Rano? Rano tana tsakanin Kano da Zazzau, kuma rundunoni sun sha ratsa wannan yanki, su yi kudu su yi arewa. Sarkin Kano Kananeji, daga 1390 zuwa 1410, wanda aka ce shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, ya kai yaƙi har Turunku aka kore shi, ya sake shiri ya koma ya kashe Sarkin Zazzau, ya zauna kusa da Shika wata takwas. In Muhammadu Bello ya yi daidai cewa Amina ta karɓi gandu daga Kano, to ta kudancin Kano dawakinta za su bi. Amma abin mamaki, Tarihin Kano da ya lissafa nasarorinta a Nufe da Kwararrafa bai ce ta ci Kano ba. Ko dai ba ta ci ba, ko kuwa marubucin ya ga ba dole ne ya tona asirin garinsu ba.

Wannan ya kawo mu ga babban kulli, watau zamanin da ta yi. Tarihin Kano bai sa ta a 1576 ba. Ya ambace ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, daga 1421 zuwa 1438, shekara 150 kafin lissafin Zazzau. In muka buɗe shafin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya mulki Kano daga 1582 zuwa 1618, watau daidai shekarun da littattafan makaranta suka ba Amina, ba za mu ga sunanta ba ko sau ɗaya. Abin da za mu gani shi ne Kwararrafawa sun zo sun ci ƙasar Kano, har mutanen birni suka gudu Daura. Yaya za a ce Kwararrafa tana biyan Amina haraji a shekarun da take da ƙarfin korar Kanawa daga birninsu? Wannan hujja ce mai nauyi ga masu cewa a ƙarni na 15 ta yi. Su kuma masu cewa ƙarni na 16 suna riƙe da cewa 'yar Bakwa ce, Bakwa kuwa jerin Zazzau ya sa shi a 1536. Masana irin su Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi rubutu a kan wannan tun 1970, kuma har yanzu ɓangarorin biyu kowa yana da magoya baya. Ni dai hujjar Kwararrafa ta fi kama hankalina.

Akwai wani abu kuma. Jerin sarakunan Zazzau, wanda wani jami'in mulkin Turawa mai suna Arnett ya buga a 1920, babu sunan Amina a cikinsa. Bayan Karama, Kafo aka rubuta. Waɗansu sun ce marubutan baya ne suka cire ta don mace ce. Waɗansu sun ce ba ta taɓa hawa gadon sarautar ba, ita dai Sarauniya ce ko Magajiya mai riƙe da runduna, tana can bakin daga shekara da shekaru, wani ɗan'uwanta yana zaune a fada. Magana ta biyu ta dace da abin da muka faɗa a baya game da muƙaman 'ya'yan sarki mata, kuma ba ta rage mata komai ba, don a wancan zamani mai dawaki shi ne mai ƙasa.

Tun da takarda ta kasa raba gardama, sai a koma ga ƙasa, don ita ma tana da nata bayani. A shekarun 1970 wani malamin Jami'ar Ahmadu Bello mai suna John Sutton ya bi ganuwoyin Zariya da Kufena da ƙafa, yana aunawa yana zanawa, yana kuma duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama. A can akwai wata tsohuwar ganuwa a wajen birni, ta nufi dutsen Kufena, wadda ake kira da sunan Amina. Abin da binciken ya nuna shi ne ba ganuwa ɗaya ba ce, ganuwoyi ne da aka yi a lokuta dabam-dabam, wata ta hau kan wata, wata ta yanke wata, an faɗaɗa nan an tsuke can. Aikin zuriya da zuriya ne, ba na mutum ɗaya ba.

Ga yadda masu wannan bincike ke yi. Sukan yanka ganuwar a gicciye, kamar yadda ake yanka alkaki a ga cikinsa, tun daga ƙoli har su kai ƙasar asali wadda aka fara zuba ginin a kanta. A jikin yankan sai a ga hawa-hawa: jar ƙasa, baƙar ƙasa, tsakuwa, toka, kowane hawa yana nuna wani gyara da aka yi. Sukan tsince tsingaron tukwane, don adon da mata ke yi wa tukunya yana sakewa daga zamani zuwa zamani kamar yadda yayin zane ke sakewa. In sun ga guntun lofe, sun san wannan hawa bai riga zuwan taba ba, taba kuwa daga Amurka ta fito, ba ta iso ƙasashenmu ba sai wajen 1600. Abin da suka fi nema shi ne gawayi. Kowane itace yana shan wani irin sinadari daga iska muddin yana raye, in ya mutu sinadarin ya riƙa raguwa a hankali bisa ƙa'ida, rabinsa yakan tafi cikin shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura a gawayin, sai a san lokacin da aka sare itacen, da kuskuren gomman shekaru gaba ko baya. Wani Ba'amurke mai suna Libby ne ya gano wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940. Da ita aka auna gawayin wata tsohuwar matoyar tama a dutsen Dala, aka ga tun ƙarni na 7 ake narka ƙarfe a Kano. Gawayin da aka samu a ƙarƙashin ganuwa yana nuna cewa ginin bai girme shi ba. To, tazarar da ke tsakanin lissafin Kano da na Zazzau shekara 150 ce, kuma awon gawayi yana iya bambanta irin wannan tazara. Watau murhun wata mata da aka binne a gindin ganuwar Turunku ko ta Kufena yana iya taimakawa a san ƙarnin da Zazzau ta yi ƙarfin da ake danganta wa Amina.

Ba mu kaɗai ke jingina wa mace ganuwa ba. A ƙasar Ijebu ta Yarabawa akwai wani ƙaton gwalalo da tudu mai tsawon kusan mil 100, ana kiransa Eredo, an ce wata attajira marar ɗa mai suna Bilikisu Sungbo ce ta sa aka haƙa don a riƙa tunawa da ita, har waɗansu suka ce ai ita ce Bilkisu ta zamanin Annabi Sulaimanu. Da aka auna gawayi sai aka ga aikin bai kusanci wancan zamani ba ko kaɗan. Awon farko ya ba shi shekara wajen 1,000, na baya-bayan nan kuma ya kawo shi ƙarni na 14 zuwa na 15. Sunan Bilikisu bai gushe ba saboda haka, mutane suna ta ziyartar wurin da aka ce kabarinta ne.

In an ce sarki ko sarauniya ta gina ganuwa, umurni ta bayar. Masu ginin talakawa ne da bayi. Da rani ake yi, bayan an gama girbi. A raba wa kowace unguwa da kowane ƙauye nasu yanki, maza su haƙa gwalalo daga waje, ƙasar da aka fitar ita za a tara ta zama ganuwar, a kwaɓa, a yi tubali, a ɗora, a yaɓe. Daga ciki a bar badala inda maharba za su tsaya, daga waje a bar sarƙaƙiya ta cika gwalalon don doki ya kasa kusatowa. Ba a kwaɓa ƙasa sai da ruwa, ruwa kuwa da rani a ƙasar duwatsu kowa ya san a kan wa yake zuwa, haka fura da tuwon masu aiki. Kuma ba a kewaye gidaje kaɗai, sai an haɗa da gonaki da rijiyoyi da kududdufai, don in abokan gaba suka yi zobe, jama'a da dabbobi su sami abin ci. Shi ya sa za ku ga ganuwar kufai ta yi faɗin da ya fi ƙarfin gidajen da suka taɓa zama a cikinta. Kowace shekara in damina ta wuce sai an sake fita gyara. Wannan gyara ya tsaya ne bayan 1903, shekarar da sojan Turawa suka fasa ƙofar Bebeji, maƙwabciyar Rano, da igwa, suka wuce suka ci Kano. Tun daga nan ganuwa ta zama ba ta da aiki, ruwa ya yi ta cinta, manoma suka shigar da ita gona, masu gini suka mai da ita wurin ɗiban ƙasa. Duk motar ƙasa da aka kwasa daga gindin ganuwa, da gawayin da tsingaron take tafiya, kuma in hawa-hawan nan suka rikice babu masanin da zai iya mai da su. A 2024 Gwamnatin Jihar Kano ta kafa masarautar Rano mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Bunkure da Kibiya, saboda haka kufan wannan yanki suna ƙarƙashin sarki guda, akwai kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa mai ofis a Gidan Makama cikin Kano, wadda aikinta ne kula da irin waɗannan wurare.

Ƙarshen Amina bai zo a gida ba. Muhammadu Bello ya ce ta rasu a wani wuri mai suna Atagara, kuma masana da yawa sun ɗauka wajen Idah ne, ƙasar Igala a bakin Kwara, cikin Jihar Kogi ta yanzu. In haka ne, babban ruwan da aka ce ta kai shi ne kogin Kwara, kuma ta mutu ne a iyakar abin da ta ci, tafiyar makonni daga Turunku. Ba a ambaci ɗa ko 'ya da ta bari ba, kuma ikon Zazzau a kan waɗannan ƙasashe masu nisa bai daɗe a bayanta ba.

Sunanta ya sake tashi a ƙarnin da ya wuce. A 1975, shekarar mata ta duniya, Nijeriya ta buga kan sarki mai ɗauke da zanenta. An sa wa kwalejin 'yan mata ta Kakuri a Kaduna sunanta, haka ɗakunan kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Legas, an kuma kafa mutum-mutuminta bisa doki da takobi a hannu a gaban babban gidan wasanni na ƙasa a Legas. A 2021 aka fito da wani fim a kan rayuwarta. Duk waɗannan siffofi daga tunanin masu zane suka fito, don babu wanda ya gan ta ya bar bayanin kamanninta, ko doguwa ce ko gajera, ko fara ko baƙa.